Aikatau, Bayanau da Harafi: Tarihin Nazarinsu da Darasinsa ga Ajin Ingilishi a Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sassan nahawun Ingilishi da suka fi ba ɗalibai wahala akwai haɗuwar aikatau da bayanau ko harafi, kamar "give up", "look after" da "put up with", inda ma'ana ba ta fitowa daga kalmomin ɗai-ɗai. Wahalar takan ƙaru a unguwa irin Moduganari ta birnin Maiduguri, inda yaro kan tashi da Kanuri ko wani harshen Borno a gida, da Hausa a titi da kasuwa, sannan ya tarar da Ingilishi a aji. Wannan maƙala za ta bi tarihin nazarin batun domin nuna cewa mafi yawan abin da Ingilishi ke yi da ƙaramar kalma a bayan aikatau, Hausa a jikin aikatau ɗin take yin sa, kuma sai da aka yi kusan shekara 100 ana rubuta nahawun Hausa kafin a tsara wannan hujja.

2.0 Batun a Nahawun Ingilishi

Tun a 1755 Samuel Johnson ya ambaci irin waɗannan haɗe-haɗe a gabatarwar ƙamusunsa, ya nuna cewa suna rikita baƙon harshe. Arthur Kennedy ya keɓe musu nazari a 1920, Dwight Bolinger ya yi musu littafi a 1971, sannan babban nahawun Randolph Quirk da abokan aikinsa na 1985 ya kasa su gida uku. Na farko shi ne aikatau da bayanau, wanda karɓau kan iya shiga tsakaninsu, kuma in wakilin suna ne tilas ya shiga: "pick it up". Na biyu shi ne aikatau da harafi, wanda karɓau ke zuwa a bayansa kullum: "look after him". Na uku ya haɗa duka: "put up with him". Tushen rikicin shi ne kalma ɗaya, kamar "in" ko "on", takan zama bayanau a nan, harafi a can, ba tare da wata alama a jikinta ba.

3.0 Nahawun Hausa Kafin 1960

Kafin boko, malaman Borno da na ƙasar Hausa sun san rabon kalmomi ta hanyar nahawun Larabci, musamman Ajrumiya, wadda ta kasa magana zuwa suna da fi'ili da harafi, ta kuma yi bayanin zarfin lokaci da na wuri. Nazarin Hausa irin na Turai kuwa yana da alaƙa da Borno tun farkonsa. A Kukawa aka 'yanta Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, kuma daga bakinsa J. F. Schön ya samo da yawa daga misalan nahawunsa na 1862. Schön da C. H. Robinson, wanda nasa nahawun ya fito a 1897, sun bi rabon kalmomi na harsunan Turai. Sun lura cewa ƙarshen aikatau yana sauyawa, amma da yake ba su nuna karin sauti a rubutu ba, tsarin bai bayyana gare su sosai ba. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da ayyukan R. C. Abraham su suka cike wannan giɓi.

4.0 Daga Parsons Zuwa Aji

A 1960 F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya kasa aikatan Hausa zuwa aji bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Daga saiwa ɗaya ake samun zuba, zube, zubar da zubo. Haka kuma saya, saye, sayar, sayo da sayu. Aji na 6 mai ƙarewa da -o yana nuna aiki ya nufo mai magana. Aji na 4 mai -e yana nuna an gama aikin ƙaf. Aji na 5 mai -ar yana nuna an kawar da abu daga mai aikin. Paul Newman, wanda ya koyar a sakandare a Maiduguri a farkon shekarun 1960, ya sake duba tsarin a 1973, ya kuma faɗaɗa shi a babban nahawunsa na 2000. Littafin M. K. M. Galadanci na 1976 da na Neil Skinner na 1977 sun kai sabon nazarin ga ɗalibai, sannan ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya taimaka wajen daidaita sunayen da ake koyarwa da su cikin Hausa.

5.0 Kwatanci

Idan aka jera harsunan biyu, za a ga fita da fito su ne "go out" da "come out". Cinye da shanye su ne "eat up" da "drink up". Zubar kuwa "pour away". Ke nan ɗalibin da ya ga Hausa ta wadatu da kalma ɗaya yana iya ɗaukar ƙaramar kalmar Ingilishi a matsayin ƙari, ya yar da ita ko ya sa ta inda ba a bukata. Na biyu, Hausa tana bambanta bayanau da harafi a fili: "ya shiga ciki" da "ya shiga cikin ɗaki", "ya tsaya baya" da "ya tsaya bayan gida". Wannan -n ita ce alamar da Ingilishi ba shi da ita. Na uku, Hausa ma tana da haɗin nan mai kalma uku: a "ya ci gaba da aiki" babu ci, babu gaba na zahiri, daidai da "go on with". Ga mai jin Kanuri kuwa tazarar ta fi yawa, domin a harshensa aikatau ne ke rufe jimla, kuma ɗafe-ɗafe irin su -ro da -lan a bayan suna suke zuwa. Tsarin jimlar Hausa ya fi kusa da na Ingilishi, don haka tana iya zame masa matakala.

6.0 Kammalawa

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, da bugunta na 2004, sun tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na al'ummar da yake ciki kafin a koma ga Ingilishi. Amfanin irin wannan tanadi yakan ragu matuƙar darasin Hausa da na Ingilishi ba su san juna ba. Saboda haka ana ba masu tsara manhaja shawara su gabatar da azuzuwan aikatau a darasin Hausa kafin, ko tare da, wannan babi na Ingilishi. A fara da haɗe-haɗen da ke nuna alkibla, sannan masu nuna kammala aiki, a bar masu ɓoyayyar ma'ana zuwa ƙarshe. Haka kuma ya kamata kwalejojin ilimi da Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, su horar da malaman harsunan a kan wannan kwatanci tare, su kuma shigar da misalan Kanuri a littattafan da za a yi amfani da su a makarantun Borno.