Daga Buhun Wasiƙu zuwa Manhaja: Yadda Na'ura ta Karɓi Aikin Akawun Oda

Duk wanda ya taɓa sayar da kaya ta WhatsApp ko Instagram ya san cewa samun mai saye somin-taɓi ne. Da mutum ya ce yana so, sai a duba ko kayan na nan, a tura lambar asusu, a jira alat, a rubuta adireshi, a kira mai kai saƙo, sannan a amsa tambayar "wai kayana sun taso kuwa?" sau uku. In oda 5 ce a rana, da sauƙi. In ta kai 500, nan ne za a sayar wa mutum biyu turmin atamfa ɗaya, a kuma aika kayan Zariya zuwa Gusau.

To, wannan ciwon kai ya girmi cinikin intanet da fiye da shekara 100.

A 1872 wani ɗan kasuwa a birnin Shikago na Amurka, Aaron Montgomery Ward, ya fara aika wa mutanen karkara takardar jerin kaya da farashinsu, su zaɓa su aiko da oda ta gidan waya. Daga baya kamfanin Sears ya shigo harkar, ya bunƙasa har wasiƙu suka nemi fin ƙarfinsa. Matsalar ita ce, manomi ɗaya zai iya neman takalmi da agogo da garma a wasiƙa guda, alhali kowanne yana sashe dabam, kuma dole su haɗu a aika masa. A 1906 Sears ya buɗe wani katafaren gini a Shikago don wannan aiki kawai, inda wani jami'insa mai suna Otto Doering ya fito da tsari: kowace oda a ba ta rana da ƙayyadadden lokaci na minti 15 da dukkan kayanta za su iso ɗakin ɗauri. Takardu na tafiya ta bututun iska, kaya na gangarowa ta bel. Sashen da ya makara kuwa, a ci shi tara. Babu kwamfuta ko ɗaya a ginin, amma ka ga tunanin da manhajojin yau suke aiki da shi ke nan: kowace oda da lambarta da lokacinta da matakan da za ta bi.

Mataki na gaba daga rikicin siyasa ya fito. A 1948 Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin ƙasa da ke shiga yammacin Balin, ya zama sai ta jirgin sama ake kai wa mutanen birnin abinci da kwal. Jirage na sauka kowane 'yan mintoci, amma takardun bayanin kaya kowa da irin tasa, wasu ma da harshe dabam. Wani sojan Amurka, Edward Guilbert, da abokan aikinsa suka tsara fom iri ɗaya da za a iya aikawa ta waya ko ta teles tun jirgi bai iso ba. A shekarun 1960 ya kai wannan dabara harkar kamfanoni, kuma daga nan aka samu abin da ake kira EDI, wato kwamfutar wani kamfani ta aika wa ta wani oda ko takardar biya kai tsaye, ba tare da akawu ya sake bugawa ba. A 1979 Amurka ta kafa kwamitin da ya tsara ƙa'idar X12, wadda a cikinta takardar odar saye ke da lamba 850 har gobe. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta fito da tata, EDIFACT, a shekarun 1980.

Saura su kansu kayan. Ta yaya kwamfuta za ta san abin da ya rage a sito? Amsar ita ce baƙaƙen layukan nan da muke gani a jikin kwali ko kwalba. A ranar 26 ga Yuni 1974, a wani kanti da ke garin Troy na jihar Ohayo, aka fara haska irin wannan lamba a wajen biya, kuma abin da aka saya cingam ne na Wrigley. Daga ranar, fitar kaya da rage lissafinsu suka fara zama aiki ɗaya.

Saye daga gida ta na'ura kuwa, a Ingila aka yi gwajinsa da wuri. A 1979 Michael Aldrich ya haɗa akwatin talabijin da kwamfuta ta layin tarho, a 1984 kuma wata dattijuwa mai shekara 72 a garin Gateshead ta yi odar cefane daga kantin Tesco da rimot ɗinta. Sai 1995, shekarar da Amazon ya buɗe a matsayin kantin littattafai. Abin dariya, a farko an saka ƙararrawa da ke kaɗawa duk lokacin da oda ta shigo, ma'aikata su taru su ga ko sun san mai sayen. Ba a daɗe ba dole aka kashe ta, don ta hana kowa sakat. Jeff Bezos da kansa ya sha ba da labarin yadda suke durƙusawa a ƙasa suna ɗaure kwalaye, har ya kawo shawarar a sayo matashin gwiwa, sai wani ma'aikaci ya ce ai tebur ya kamata a saya. Wato shago na intanet, amma bayan gida aikin hannu ne zalla.

A shekarun da suka biyo baya aka yi ta cike wannan giɓi. A 2006 Amazon ya fara karɓar kayan ƙananan 'yan kasuwa ya ajiye a rumbunansa, in oda ta shigo ya ɗaure ya aika a madadinsu. A shekarar ce kuma Shopify ya fito daga Kanada, ya ba mai ƙaramin jari damar buɗe shago ba sai ya iya rubuta manhaja ba. A 2012 Amazon ya sayi kamfanin Kiva a kan dala miliyan 775. Mutum-mutumin Kiva na shiga ƙarƙashin kanta ya ɗauko ta ya kawo wa ma'aikaci, maimakon ma'aikacin ya yi ta zarya yana neman kaya. A wannan shekarar ne Jumia da Konga suka fara aiki a Legas.

Yau in ka danna "saya", cikin daƙiƙoƙi manhaja za ta tabbatar da biyan kuɗi, ta keɓe maka kayan, ta rage adadin da ke kan duk shafukan da mai shagon ke talla, ta zaɓi sito mafi kusa, ta buga takardar adireshi, ta turo maka lambar bin sawu. Ba wani tsafi ba ne, jerin ƙa'idoji ne na "in kaza ya faru, a yi kaza".

Sai dai fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Na'ura ba ta gajiya, amma kuma ba ta mamaki. A 2011 wani masanin halittu, Michael Eisen, ya tarar an saka wa wani littafi kan ƙuda farashin sama da dala miliyan 23 a Amazon, saboda manhajojin masu sayarwa biyu kowacce na daidaita farashinta da na ɗaya. Wannan dai dariya aka yi. Amma a Disambar 2014, a Birtaniya, wata manhajar daidaita farashi mai suna RepricerExpress ta samu tangarɗa ta kamar awa ɗaya, ta mayar da kayan 'yan kasuwa da yawa peni 1. Masu saye suka yi rububi. An soke yawancin odar, amma wasu tuni sun fita, tunda tsarin ɗauri da aikawa ba ya jiran kowa. Akawun Sears na 1906 da ya ga irin wannan farashi, da ya tsaya ya tambaya.

Abin lura a duk wannan tarihi shi ne, tsari ne ke rigan na'ura zuwa. Sai da aka samu lokaci na minti 15, da fom iri ɗaya, da lamba a jikin kowane kaya, sannan kwamfuta ta samu abin kamawa. Don haka mai sayar da turaren wuta ko atamfa ta waya, kafin ta biya kuɗin wata manhaja, ta fara ba kowane kaya lamba, ta riƙa rubuta oda a waje ɗaya, ta tsayar da salon karɓar adireshi, musamman a unguwannin da kwatance ya fi lambar gida aiki. In kuma ta miƙa wa na'ura aikin, ta gindaya mata iyaka: farashi kada ya sauka ƙasa da kaza, oda mai yawa fiye da kima kada ta fita sai ido ya gani.