Tarihin Kallon Gilmawar Zara ta Gaban Rana

Zara, wadda Hausawa ke wa kirari da matar wata, takan shiga tsakanin duniya da rana kusan duk kwana 584. Sai dai falakinta ya karkace da na duniya da kamar digiri 3.4, don haka yawanci ta sama ko ta ƙasan rana take wucewa ba a gan ta ba. Idan aka yi dace su ukun suka jeru, sai a ga baƙin ɗigo yana tafiya a hankali a kan fuskar rana na tsawon awoyi da dama. Gilmawar takan zo sau biyu, shekara takwas tsakani, sannan a yi fiye da shekara ɗari ba a sake gani ba.

Johannes Kepler ne ya fara hasashenta da lissafi, ya ce za a yi a 1631. Ya rasu a 1630, kuma da lokacin ya zo dare ne a yawancin Turai. Wani saurayi ɗan Ingila, Jeremiah Horrocks, ya gyara lissafin ya gano akwai wata a 1639. Ran 4 ga Disamba, a ƙauyen Much Hoole, ya sa madubin hangen nesa ya haska siffar rana a kan takarda, ya ga ɗigon dab da faɗuwar rana. Shi da abokinsa William Crabtree kaɗai aka san sun gani. Horrocks ya rasu a 1641, bai wuce shekara 22 ba.

Abin ya zama babban al'amari ne a 1716, lokacin da Edmond Halley ya nuna cewa da gilmawar za a iya auna nisan rana. A wancan zamani masana sun san jerin duniyoyi da yadda nisansu yake idan an kwatanta su da juna, amma ba su da tabbacin ko mil nawa ne. Dabarar kamar mutum ya miƙa yatsa ne ya dube shi da ido ɗaya, sannan da ɗayan, ya ga ya gusa. Mai kallo daga arewa mai nisa da mai kallo daga kudu za su ga Zara ta bi layi daban, kuma daga bambancin lokacin shigarta da fitarta a fitar da nisan. Halley ya san ba zai kai 1761 ba, lokacin gilmawa ta gaba, ya bar wa na baya wasiyya.

Sun kuwa cika ta da wahala mai ban tausayi. Ana tsakiyar yaƙi tsakanin Ingila da Faransa masana suka bazu a duniya. Guillaume Le Gentil ya nufi Pondicherry a Indiya, ya tarar Ingilishi sun ci garin, sai daga jirgin ruwa ya kalla, inda tangaɗin teku ya hana awo. Ya zauna a yankin shekara takwas yana jiran ta 1769, ranar kuma hadari ya rufe sama. Da ya koma gida a 1771 ya iske an ɗauka ya mutu, dangi na rabon gadonsa. Chappe d'Auteroche ya samu awonsa a Baja California a 1769, annoba ta kashe shi a can. James Cook ya kalla daga Tahiti. A 1761 kuma Mikhail Lomonosov, daga St. Petersburg, ya ce akwai iska lulluɓe da Zara.

Abin da ya ɓata wa kowa aiki shi ne ɗigon kan manne da bakin rana ya yi tsini kafin ya saki, sai a rasa takamaiman daƙiƙar shiga. Duk da haka a 1771 Jérôme Lalande ya fitar da kusan kilomita miliyan 153. Ga mutanen da agogo da madubi kaɗai ne kayan aikinsu, wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, domin adadin da aka sani yau miliyan 149.6 ne.

A 1874 da 1882 an yi amfani da hoto. Daga 1961 rada ta auna nisan Zara kai tsaye, aikin gilmawar na awo ya ƙare. Ta 8 ga Yuni 2004, wadda aka gani a Afirka, da ta 2012, jama'a da yawa sun kalla da tabarau na musamman, tun da duban rana da ido tsirara na makantarwa. Masana kuma sun gwada dabarun da suke neman duniyoyin wasu taurari da su, wato lura da raguwar haske idan duniya ta gilma. Masu zuwa sai Disambar 2117 da ta 2125.