erata

suna, mace, ba ta da jam'i. Daga Latin, ta hannun injiniyoyi.

1. Takardar da kamfani ke fitarwa yana lissafa aibin da aka gano a jikin aisi, musamman ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa na'ura, bayan an ƙera ta. Aibin yana cikin silikon, ba ya gyaruwa da gasa dalma. Sai dai a kewaye shi da manhaja ko ƙarin kaya, har zubi na gaba ya fito. Zubin farko ya fi yawan irin wannan.

Sananniya ita ce E9 ta RP2350, aisin da kamfanin Raspberry Pi ya fitar a Agustan 2024. Ƙafar aisin da aka saita don karɓar sigina takan maƙale a kusan bolt 2 maimakon ta sauka sifili, saboda yoyon wuta. Maganin shi ne a ɗaura mata rezista ta waje da ba ta wuce kilo'om 8.2 ba. Zubin A4 na 2025 ya kawar da matsalar.

2. Aibin kansa. A Diffa, inda manoman tattasai na bakin Komadugu ke jan ruwa da famfo mai sola, in allon da ke sarrafa famfon ya samu matsala, mai gyara kan fara zargin zafi da ƙura, kuma galibi da gaskiyarsa. Erata ake dubawa in an sauya komai cutar ba ta tafi ba.

"Malam, kada ka ƙara sayen wani allon, eratar wannan zubin ce."