Alamomin otizim a jikin jariri tun kafin ya fara magana

Lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda za ku ji wasu gidajen rediyo na ce wa galahanga, yawancinmu ba ma lura da ita sai yaro ya kai shekara uku ko huɗu bai buɗe baki ba. Kafin nan an sha cewa "ƙyale shi, babansa ma ya yi nauyin baki." Na tattaro abin da masu bincike suka gano game da watannin farko ne, domin ashe alamun kan fara fitowa ta kunne da ido da fata tun kafin a zo batun magana.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Yana taɓa hulɗar yaro da mutane, yana sa shi maimaita abu ɗaya, yana kuma sauya yadda jikinsa ke karɓar sauti, haske, taɓawa da ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100, kuma an fi gano shi a maza. Likita Leo Kanner na Amurka ya bayyana shi tun 1943, amma sai a 2013 littafin tantance cututtuka na likitocin ƙwaƙwalwar Amurka ya sa matsalar sauti da taɓawa cikin alamomin da ake dubawa.

To, ta yaya ake binciken jaririn da ba a san yana da lalurar ba tukuna? Dabara biyu suka bi. Ta farko, su karɓi tsofaffin bidiyon gida na yaran da aka riga aka tabbatar. Haka Grace Baranek ta yi a 1999 da bidiyon jarirai 'yan wata 9 zuwa 12. Ta ga sai an yi ta kiran sunansu kafin su waiwayo, suna yawan cusa abu a baki fiye da sa'anninsu, suna kuma janye jiki idan an taɓa su.

Ta biyu ita ce bin ƙannen masu otizim tun suna goye. Binciken da Sally Ozonoff ta jagoranta a 2011 ya bi jarirai 664, kuma kusan 19 cikin 100 sun fito da lalurar. Don haka gidan da ke da yaro ɗaya mai ita, a sa ido kan na bayansa. A 2013 kuma Warren Jones da Ami Klin a birnin Atlanta suka yi amfani da na'urar da ke bin ƙwayar ido, suka ga jariran da daga baya aka tabbatar suna kallon idon mutum kamar kowa da farko, sai kallon ya riƙa raguwa daga wata 2 zuwa 6. Na'ura ce ke iya ganin wannan. Kada uwa ta tayar da hankalinta don ɗan wata uku ya kau da kai.

Matsalar sautin da taɓawa fuska biyu gare ta. Wani yaron abu kaɗan ke yi masa yawa. An tayar da janareto ko injin markaɗe, sai ya toshe kunne yana tsala ihu kamar ana yanka shi. Aski, yankan farce, sabuwar riga, ko kunu mai gudaji duk yaƙi ne. Wani kuma akasin haka: ya faɗi ya ƙuje bai yi kuka ba, a kira shi bai juyo ba, ya zauna yana kallon fanka na juyawa ba gajiya. Wannan na biyun ya fi damuna, saboda shi ne wanda muke yabo da "yaron nan akwai haƙuri." Ba kowane jariri mai shiru ke da otizim ba, kuma yara da yawa na tsoron ƙara lafiyarsu ƙalau. Taruwar alamun ake dubawa.

Likitocin yara sun fi kula da waɗannan: ɗan wata 12 da ba ya amsa sunansa, ba ya gwaranci, ba ya nuna abu da yatsa ko ɗaga hannu, ɗan wata 16 da bai da kalma ko ɗaya, ɗan shekara 2 da ba ya haɗa kalma biyu. Sai kuma yaron da ya fara cewa "mama" da "baba" sannan ya daina. Wannan ba a jira da shi.

Mu nan Kudu akwai uzurin da muke yawan kawowa, wai yaro ya rikice ne saboda yana jin Hausa a gida, Yarbanci ko Ibo a waje, ga Burokin a kasuwa. Yawan harsuna ba ya kawo otizim, kuma ba ya hana yaro amsa sunansa. Haka batun allurar rigakafi. Takardar Andrew Wakefield ta 1998 da ta tayar da wannan ƙura, mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010, kuma binciken da aka yi a ƙasar Denmak kan yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. Zargin mayu ko kishiya kuwa ba abin da yake yi sai cinye lokacin da yaro ke buƙata.

Wanda ya ga alamun, ya fara da gwajin kunne, don kurumta ma na hana amsa suna. Daga nan likitan yara. Akwai takardar tambayoyi 20 mai suna M-CHAT-R da iyaye ke amsawa kan yara 'yan wata 16 zuwa 30, ita ke nuna ko akwai buƙatar zurfafa bincike. Babu gwajin jini da ke nuna otizim, babu kuma ƙwayar da ke cire shi. Abin da ke taimakawa shi ne horon magana da wasa da koyon hulɗa, kuma an fi cin moriyarsa idan an fara da wuri.

Mutanen Legas, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara a Oshodi. Na Ibadan kuma ga asibitin koyarwa na UCH. Kafin ku je, ku ɗauki gajeren bidiyo a waya lokacin da ake kiran sunan yaron daga bayansa, da lokacin da ƙara ta tayar masa da hankali, domin ba lallai ya nuna halin a gaban likita ba.