Daga Zauren Sarkin Makafi Zuwa Zauren Kotu

A farkon shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya sauka a Kano, kuma cikin abin da ya rubuta har da labarin wata unguwa da aka keɓe wa makafi. Ya same ta tsaf-tsaf, ɗakunanta ginannu da kyau, mazaunanta suna da wani kaso da ake ba su daga fada, kuma suna fita bara kasuwa da kan hanya. An kuma shaida masa cewa guragu ma suna da tasu. Mai karatu a gurguje zai ɗauki wannan a matsayin shaidar tausayin mutanen da, ya wuce. Abin da ke ciki ya fi tausayi nauyi. Jama'a ce mai sanannen mazauni, mai shugabanci, wadda hukuma ta san da zamanta kuma take jin kukanta. Tarihin kare haƙƙin naƙasassu a ƙasar Hausa, tun daga wancan zamani zuwa dokar da aka sa wa hannu a 2019, ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: in an zalunci makaho ko gurgu, wa zai kai masa ƙara, kuma gaban wa?

A tsarin gargajiya amsar a bayyane take. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, kowanne da rawaninsa da 'yan majalisarsa masu sarautu irin na fada. In baƙon makaho ya shigo gari riƙe da sandar da ɗan jagoransa ke ja, gidan Sarkin Makafi zai nufa. Can za a ba shi masauki, a nuna masa inda zai zauna a ƙofar masallaci ranar Juma'a don kada ya shiga gurbin wani a yi rigima. Zakkar da attajiri ya aiko a dunƙule a zauren ake raba ta. Saɓanin aure da na bashi a nan ake sasanta su, kuma in mutuwa ta zo, su ne masu neman likkafani. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne, in wani mai ƙarfi ya taka ɗaya daga cikinsu, akwai mutum mai rawani da zai je fada ya faɗi ya yi gaisuwa, a saurare shi a matsayin mai magana da yawun jama'a. Tsarin ya bi Hausawa duk inda fatauci ya kai su. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar da waɗannan sarakuna uku suna aiki ƙarƙashin sarkin unguwar, kuma har gobe ana samun irinsu a Legas da Abuja.

Za a ce wannan duk ƙungiyar bara ce da aka naɗa wa rawani, kuma akwai gaskiya a maganar. Makafi da yawa sun yi sana'ar tufkar igiya, wasu sun haddace Alƙur'ani sun koyar, amma ginshiƙin tsarin ƙoƙon bara ne. Ya tsara yadda za a karɓi sadaka cikin mutunci, bai taɓa tambayar dalilin da ya sa ɗan makaho zai ƙare ƙuruciyarsa yana jan ubansa ba. Masu taɓin hankali ba su sami irin wannan inuwa ba, muryar mata kuma ba ta cika kaiwa zaure ba. Babban rauninsa shi ne komai ya dogara da alherin mai bayarwa. Sarkin Guragu yana iya roƙon sarki, ba ya iya tilasta masa. Rumfa ce ta aro, ranar da mai ita ya so sai ya kwashe karansa. Duk da haka bai kamata raunin ya rufe mana ido daga abin da tsarin ya mallaka ba, wato wakilci daga cikin masu lalurar kansu, domin shi ne abin da zamanin da ya biyo baya ya yi sakaci da shi.

Da Turawa suka zo, maganar ta tashi daga fada ta koma asibiti. A 1937 aka miƙa wa mishan ɗin SIM ragamar gidajen kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a Filato. Ba wanda zai raina amfanin waɗannan wurare: an warkar da dubbai, yara makafi sun koyi karatu da yatsunsu. Sai dai mutumin da a da yake ɗan wata jama'a mai shugaba ya zama majinyaci ko ɗan makarantar kwana, likita da jami'in gwamnati ke yanke abin da ya dace da shi. Gwamnatocin bayan 'yancin kai sun gaji wannan kallo, suka ajiye al'amarin a ma'aikatun jin daɗin jama'a, inda ake tunawa da naƙasassu lokacin rabon buhunan shinkafa da kekunan guragu, ko lokacin da ake son share titi. A watan Yulin 2015, bayan harin bam na Sabon Garin Zariya, gwamnatin Kaduna ta hana bara a kan titi, makafi da guragu suka fito zanga-zanga a cikin garin Kaduna suna tambayar abin da za su ci. Ko a inda aka kyautata, kamar Jigawa da ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 duk wata a 2007 zamanin Sule Lamido, abin ya zo ne daga niyyar mai mulki, aka kuma yi zaman ɗar-ɗar ko magajinsa zai ci gaba.

Tsarin mulkin 1999 da kansa ya ɗauki wannan hali. Sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci, ya lissafa ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci naƙasa ba. Inda aka ambaci jin daɗin naƙasassu shi ne sashe na 16, a babi na biyu, babin da sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati aiki da shi. An dai sa su a ɓangaren fatan alheri, an bar su a waje a ɓangaren da ake shari'a a kai. Dokar soja ta 1993 kan naƙasassu ta ƙare a takarda. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a Disambar 2006, Najeriya ta sa hannu a 2007 ta kuma amince da ita a 2010, amma bisa sashe na 12 yarjejeniya ba ta aiki a kotunanmu sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin dokar naƙasassu a 2011, ta sake a 2015, Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba. Ƙungiyoyin naƙasassu, ciki har da haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta JONAPWD, su suka riƙe maganar tsawon waɗannan shekaru. A Janairun 2019, ana dab da zaɓe, Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a talabijin cewa ƙudurin bai iso gare shi ba. Naƙasassu suka fito zanga-zanga a Abuja, cikin 'yan kwanaki, ranar 23 ga wata, aka sanar da ya sa hannu. Wannan doka ba kyauta aka ba su ba, da ƙafafunsu da kekunansu suka karɓo ta.

Abin da ke cikinta sabo ne a tarihinmu. Wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasa zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. Kashi biyar cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati nasu ne. An ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020, aka naɗa James Lalu, wanda kurma ne, ya shugabance ta. Mafi muhimmanci, wanda aka zalunta yana da ikon shigar da ƙara da kansa ya nemi diyya. Yanzu makaho yana iya tsayawa gaban alƙali da haƙƙin da aka rubuta da sunan lalurarsa, ba sai ya jira alfarmar kowa ba. Amma wannan doka ɗin ce kuma ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara, har da fakewa da naƙasa a yi roƙo a bainar jama'a, kuma a nan haɗarin yake. Kama mabaraci a danja aikin yini ɗaya ne. Tilasta wa ma'aikata ta cika kashi biyar ɗinta yana buƙatar lauya da takardu da haƙurin shekaru. In aka bar abin ga hukuma kaɗai, sashen da ke hukunta talaka zai yi aiki, sashen da ke hukunta gwamnati ya yi barci.

Masu cewa ƙasa matalauciya ba za ta iya ba suna mantawa da cewa gangaren shiga da aka sa tun a zanen gini kusan ba ya ƙara komai a kan kuɗin aikin, kuma kashi biyar na guraben aiki ba sabon albashi ba ne, rabon wanda ake biya ne. Masu cewa addini ya riga ya wadatar ta hanyar zakka da sadaka kuwa sun taƙaita addinin. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya yi ladanci, kuma Annabi (SAW) ya sha barinsa a matsayin wakili a Madina in zai fita. Amana aka ba shi da muƙami, kuma wannan ya fi kusa da abin da dokar 2019 ke nema fiye da kuɗin da ake miƙowa ta tagar mota.

Abin da ya rage shi ne mai kai ƙara, kuma kayan aikin suna nan a warwatse. Hukumar ba da tallafin shari'a kyauta tana nan tun 1976, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam tun 1995. Ƙa'idojin shari'ar haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun buɗe wa ƙungiya ƙofar shigar da ƙara a madadin wanda aka zalunta. Lauyoyin suna ofisoshinsu a manyan birane, dokar tana cikin Turanci, mutanen da aka yi ta dominsu kuwa yawancinsu ba su taɓa jin abin da ke cikinta ba. Wanda ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san yarinyar da makaranta ta mayar gida saboda ba ta gani da gurgun da direba ya ƙi ɗauka a tasha, shi ne mai rawanin nan da 'yan boko ke ɗauka ragowar zamanin jahilci. Kamata ya yi lauyan gwamnati ya riƙa zama a zauren Sarkin Makafi da na Sarkin Guragu a ranaku sanannu yana karɓar koke, a karanta dokar da Hausa a rediyo sashe bayan sashe, su kuma sarakunan su yarda mata da kurame da matasan da suka yi karatu su shigo majalisarsu da cikakkiyar murya. Ƙarar farko da ta cancanci shiga ita ce ta gine-ginen kotunan kansu, domin da yawansu har yanzu sai an ɗauki gurgu a hannu kafin ya kai gaban alƙali, kurma kuma yakan zauna a yi shari'arsa ba mai fassara masa da hannu, alhali wa'adin gyaran ya wuce tun farkon 2024.