Sauya layin intanet ta atomatik

Sauya layin intanet ta atomatik tsari ne da ake kafawa a kan katangar tsaro ko sabar furoksi mai layukan intanet biyu ko fiye. Idan babban layi ya katse, na'urar tana mayar da zirga-zirgar bayanai kan layin ajiya ba tare da sa hannun mutum ba. Bankuna, asibitoci da jami'o'i na cikin masu amfani da shi.

Yadda yake aiki

Na'urar tana aika ƙananan saƙonnin gwaji na ICMP a kai a kai zuwa wani adireshi na waje, misali 8.8.8.8 na Google. Idan amsa ta daina dawowa, ko jinkirinta ya wuce iyakar da aka sa, sai ta ɗauki layin a matsayin matacce ta koma na biyu. A manhajar pfSense ana jera layukan bisa mataki, daga 1 zuwa 5, kuma ba a amfani da mataki na ƙasa sai na sama ya faɗi.

Idan na'urar ce ta lalace

Layi biyu ba su da amfani idan katangar kanta ta mutu, don haka ake haɗa na'urori biyu a kan adireshin IP ɗaya. A ƙa'idar VRRP, wadda aka fara wallafawa a 1998, babbar na'ura tana sanar da cewa tana aiki duk bayan daƙiƙa 1. Idan ta yi shiru na kusan daƙiƙa 3, ta biyu ta karɓi aikin. OpenBSD ya fitar da makamanciyarta, CARP, a 2004. Ana haɗa CARP da pfsync domin na'urar ajiya ta san duk haɗin da ke buɗe.

Matsaloli

Kowane kamfani yana ba da adireshinsa na waje, saboda haka sauya layi yakan yanke kiran murya ko saukar da fayil da ake tsakiyar yi. Manyan cibiyoyi na magance wannan ta hanyar mallakar adireshinsu da amfani da BGP.

Haka kuma kamfanoni biyu na iya dogara da kebul ɗaya. A ranar 14 ga Maris 2024, kebul ɗin ƙarƙashin teku na WACS, ACE, MainOne da SAT-3 sun lalace lokaci guda, abin da ya kawo cikas ga intanet a Najeriya, Ghana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Shi ya sa ake son layin ajiya ya bi wata hanya dabam, kamar tauraron ɗan Adam.