Hanyar Kano Zuwa Daura

Wannan hanya ta girmi kwaltar da ke kanta. Daga Kano ta bi Dambatta, ta ratsa duwatsun Kazaure, ta shiga Daura, sai Kongolam a bakin iyakar Nijar. Fatake sun daɗe suna bin wannan shiyya da jakuna da raƙuma zuwa Damagaram. An kuma zubar da jini a nan, domin Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure, ya sha gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo.

A 1987 Daura ta bar jihar Kaduna ta faɗa Katsina, a 1991 Kazaure ta koma Jigawa. Kakata, 'yar Kazaure, har Allah Ya karɓi ranta ba ta yarda an fitar da ita daga Kano ba.